Kukan Dutsen Washi

A layin maƙera da ke bayan kasuwar Garuwa, in ka ce kana neman Hayatu sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Mai Washi ko baƙon jiya zai nuna maka rumfar. Rumfa ce ta kwano, da injin washi a bakinta yana kallon titi, da benci ɗaya a ciki, da allon da yake rataye kayan aiki. Duwatsun da ya sauya a kan injin nan tun da rumfar ta zama tasa sun kusa arba'in. Hoton shugaban ƙasa da ke manne a saman allon kuwa tun dutsen farko yake nan, sai dai ƙuda da tartsatsi sun yi masa nasu adon.

Kowane abu a allon da ƙusarsa. Magagari uku, babba da matsakaici da siriri na haƙoran zarto. Sifana biyu, filaya, tabarau na kare ido wanda robarsa ta tsinke ya ɗaure da tsumma, da wani dutsen hannu da ya ramu a tsakiya saboda aiki. Duk waɗannan in maƙwabci ya zo aro zai ba shi, yana yi masa mita. Abin da ba ya fita rumfar ko da wa ya zo shi ne wata 'yar guduma ta icen ƙirya, tsawonta bai wuce taƙi ba, hannu ya goge ta har tana sheƙi. Ita ce yake kira Likita.

Aikin Likita ɗaya ne, kuma ba ya wuce minti guda. In sabon dutse ya zo, kafin a ɗaura shi a inji, Hayatu zai zura sanda ta ramin tsakiyarsa ya ɗaga shi sama, ya ƙwanƙwasa shi a wuri huɗu, ya kasa kunne. Lafiyayyen dutse yakan ja kuka siriri, kamar an taɓa kofin tangaran da cokali. Wanda ya tsage a ciki, inda ido ba ya gani, sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Irin wannan in an ɗaura shi zai iya yin kwana yana juyawa lafiya, ranar da ya ga dama ya tarwatse a fuskar mutum.

Ba a littafi Hayatu ya karanta wannan ba. Maigidansa Théodore, wani mutumin kudu da ya koya masa sana'ar, shi ya biya kuɗin karatun da haƙoransa uku, ranar da dutse ya fashe yana tsakiyar wasa gatari. Wani ɓarin ya keta bangon kwano ya bar rami da hannu zai shiga. Da Théodore ya warke ya sassaƙa gudumar, da zai koma garinsu kuma ya bar wa Hayatu ita da rumfar da ramin gaba ɗaya. Tun daga nan sunan Hayatu ya rataya a kunnensa. Masu walda da kafintoci daga Yelwa har bakin gada sukan kawo masa duwatsunsu ya saurara musu, in ya ce a yar a yar ne, ba mai musu.

Abin da bai faɗa wa kowa ba, har Karimatu matarsa, shi ne yau shekara biyu ke nan rabonsa da jin kukan dutse. Ba rana ɗaya kunnen ya tafi ba. Tsuntsaye ne suka fara yin shiru, ya ce babura ne suka kore su daga gari. Sai ƙarar awarwaron Karimatu ta ɓace, ya ce ta daina sawa, alhali ga su a hannunta. Daga baya wani gyare ya tare a kunnensa na hagu, yana kuka ba dare ba rana. Ya koyi kallon leɓe, ya koyi cewa "haka ne" a inda ya dace da inda bai dace ba. Masu kawo duwatsu ya sallame su da cewa aiki ya yi masa yawa. Nasa kuwa ya ci gaba da ƙwanƙwasawa, ya karkata kai kamar mai saurare, ya gyaɗa, ya ɗaura. Tsoro yake ji kowane karo, amma tsoron a ce masa kurma ya fi.

A bayan bangon nan mai rami shagon Léontine yake, tela ce, shekara ashirin suna maƙwabtaka. Da can ta ramin suke miƙa wa juna abubuwa, ita ta zuro almakashi a wasa mata, shi ya zura riga a ɗinke masa aljihu. Wata takwas da suka wuce wannan ya ƙare. Ya gwada wani sabon dutse ya ajiye a benci ya fita alwala, ya dawo ya tarar da ita tsaye a rumfarsa, dutsen a ƙasa ya rabu biyu. Ta ce ɗagawa ta yi ta ji nauyinsa, ya suɓuce. Hayatu ya wanke ta tas da Hausa, ya ƙara da Fulatanci, ya rufe da ɗan Faransancin da ya sani, layi duka na ji. Ba ta ce komai ba sai "Pardon, Malam Hayatu." A ranar ya cusa tsumma a ramin ya shafe shi da kwalta, ya daina gaishe ta.

Dutsen da ya sayo a madadin wancan shi ne ya cinye har ya kusa taɓa ƙarfe, kuma bai tashi ƙarewa ba sai ana jibi Babbar Sallah. Sabon ya iso da yammacin ranar daga tsallaken iyaka, a bayan babur, cikin buhu tsakanin jarkoki, ta hanyar da ko dafaffen ƙwai ba ya fita lafiya. Hayatu ya duba shi ciki da waje bai ga komai ba. Da safe ya shiga can ƙuryar rumfa, ya ɗaga shi a sanda, ya buga sau huɗu. Gyaren kunnensa kawai ya amsa. Ya gyaɗa kai duk da ba mai kallonsa, ya ɗaura dutsen, ya ɗaure noti.

Kafin hantsi layi ya kai titi. Jajiberin layya ranar mai washi ce. Ga magidanta da wuƙaƙen da suka yi tsatsa tun bara, a naɗe cikin takardar siminti, ga mahauta da nasu kayan a buhu: barho, adda, wuƙar fiɗa, gatarin sara ƙashi. Hayatu ya cire babbar riga ya rataye, don hannun riga da inji ba sa shiri, ya sa tabarau, ya kori kowa gefe. Dokarsa ce, sabon dutse sai ya yi minti guda yana gudu shi kaɗai ba kowa a saitinsa. Ya danna makunni ya ja da baya. Dutsen ya juya sumul, ba rawa ba girgiza.

Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Na Théodore ma ya ci mintinsa lafiya, sai da aka danna masa gatari ya nuna halinsa.

Na farko a layi Uba ne, babban mahauci, mai tumbi da farin gemu, wanda ya fara kawo wuƙa rumfar nan tun gemun yana baƙi.

"Jam na, Malam Hayatu?" Uba ya gaishe shi da Fulatanci.

"Jam, Uba. Kawo."

Uba ya miƙa barhonsa, ya zagaya ɗaya gefen injin, ya tsaya inda ya saba tsayawa.

Mahautan garin nan suna da wata ɗabi'a da ba wanda ya iya raba su da ita. Mahauci ba ya ɗauke ido daga wuƙarsa muddin tana hannun wani. Wasu sun ce tsoron a yi mata asiri ne, wasu sun ce tsoron mai washi ya cinye ƙarfen ne, su kansu in ka tambaye su sai su ce haka suka taras. Kuma ba daga gefe suke kallo ba, don daga gefe ba a ganin bakin wuƙa. Sai sun tsaya daidai saitin dutsen sun sunkuyo. Hayatu ya yi faɗa shekara da shekaru har ya gaji. Ya yanko tsohuwar ganga ya yi wa dutsen murfi, amma shi ya fi kowa sanin cewa murfin ganga tartsatsi yake tarewa, ba dutsen da ya fashe ba.

Ya ɗaga barhon da hannu biyu ya kai shi kusa da dutsen. Ta saman murfin ya hango ƙirjin Uba, rigar a buɗe, zufa na gangarowa, tsakaninsa da dutsen bai fi kamu biyu ba. Leɓen Uba na motsi. Hayatu ya saba karanta leɓe, ya duba da kyau ko magana ake yi masa, sai ya ga ba da shi ake ba. Salati mutumin yake yi.

Duwatsu uku ya ɗaura a kan sa'a, duk ukun Allah ya rufa asiri. Ya ce wa kansa wannan ma haka zai zama, danna kawai, minti biyu an gama. Hannunsa ya ƙi. Ya daɗe a haka da wuƙa a sama, har wani daga baya ya ce wani abu mutane suka yi dariya. Sai ya ajiye barhon a benci ya kashe injin.

Ba wuta aka ɗauke ba, don fankar mai aski na juyawa a tsallaken layi, saboda haka kowa ya zuba masa ido. Ya jira dutsen ya tsaya da kansa, ya ɗauko sifana ya kwance noti, ya zare dutsen ya zura a sanda. Ya ciro Likita daga ƙusarta.

"Uba, matso. Saurara."

Ya buga.

"Me ka ji?"

"Na ji ka buga dutse."

"Ya ja kuka, ko ya tsaya?"

Uba ya share zufa da gefen rigarsa. "Malam Hayatu, ni nama na sani. Kai wa Madam."

"Wace Madam?"

"Madam nawa gare ka a bayan bango?"

Da ƙarfi Uba ya faɗa, kuma sai a lokacin Hayatu ya lura cewa da ƙarfin ya saba yi masa magana. Ba shi kaɗai ba. Mai shayi, mai aski, limamin layi, kowa in zai yi masa magana sai ya zagayo gabansa ya buɗe baki sosai, yau wajen shekara biyu. Shi ya ɗauka mutanen Garuwa ne suka ƙara surutu.

"Ita ke ji maka," in ji Uba. "Ta ramin nan. Uwarta tukwane take ginawa, ta san kukan abin da ya tsage tun tana goye, ga kuma shekara ashirin tana jin naka. In ka buga ta tsayar da keke ta saurara, in lafiya ta ci gaba da ɗinkinta."

"Wanda ta fasa fa?"

"Ba suɓuce mata ya yi ba. Matacce ne, ta ji shi. Ita ta gaya min da bakinta. Ta ce in ta faɗa maka a gaban mutane ka mutu a tsaye, in ta yi shiru wani ya mutu a kwance. Sai ta zaɓi zagi."

Hayatu ya tuna ranar da yake share ɓarin dutsen nan. A jikin inda ya rabu akwai wani layi mai duhu, ba fari tas kamar sabon fashi ba. Ya gan shi. Ya san abin da yake nufi, ya kuma zuba ɓarin a bola da sauri, don fushi ya fi masa sauƙin ɗauka. Yanzu kunya ta kama shi har ya ji nauyin dutsen ya ninka a hannunsa.

"Ka san na toshe ramin?"

"Kowa ya sani."

"Ka san ba wanda ya ji wannan, ka zo ka tsaya min a gabansa?"

Uba ya dube shi kamar wanda aka yi wa tambayar yara. "Wuƙata na hannunka. Ina zan tsaya?"

Daga bakin rumfarsa zuwa ƙofar Léontine taku goma ne. Hayatu ya yi su da dutse a hannun hagu, Likita a dama, tabarau a goshi, mutanen layi suna dārewa suna ba shi hanya. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Da sun yi ma da ya fi masa, don ba zai ji ba, shirun kuwa a fuskokinsu yake ganinsa.

Shagon a cike yake da kayan Sallah, wasu a rataye wasu a ƙasa, mata huɗu a benci suna jiran nasu. Léontine na kan keke da allura biyu a baki, ta ƙara furfura a wata takwas ɗin nan, ko kuwa shi ne bai kalle ta ba. A kan teburinta ga almakashin da ya sani, kusa da wani yadi da aka yanka, bakin yankan a tattaune kamar akuya ta ci.

"Sannu da aiki, Madam."

Ƙafarta ta tsaya. Ta dubi fuskarsa, ta dubi dutsen, ta dubi gudumar. Ya yi tanadin wasu kalmomi a cikin taku goman nan, na ban haƙuri ne, amma ba ta ba shi wurin ajiye su ba. Ta cire alluran daga baki ta soke a rigarta, ta miƙa hannu ta kashe rediyo, ta ɗaga wa matan benci yatsa ɗaya suka yi tsit. Ta taso ta zo kusa da shi ta tsaya.

Ya ɗaga dutsen ya buga.

Ta karkata kai, kunnenta a wajen dutsen, fuskarta a wajen bango, ta ce wani abu. Ya ga muƙamuƙinta ya motsa, amma leɓen bai gan su ba. "Haka ne" ta taso masa har bakin harshe, yadda ta saba tasowa. Mata huɗu na kallonsa, mahauta sun cika ƙofa, Uba a gabansu. Ya haɗiye ta.

"Madam, ban ji ba," ya ce. "Ba na ji. Ki ɗaga murya."

Ta juyo ta fuskance shi sosai. Ba ta nuna mamaki ba, ba ta nuna tausayi ba, kuma wannan ya gode mata a ransa fiye da komai.

"Na ce juya shi, ka buga ɗaya gefen."

Ya juya ya buga. Ta sa ya sake juyawa, ya buga na uku, ya buga na huɗu. A na huɗun ta rufe ido, ta daɗe, ya gane kukan ne take bi har ya ƙare, kukan da shi ya fi kowa a garin nan sanin yadda yake.

"Lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Ɗaura shi."

Ta koma kan kekenta ta kunna rediyo.

Wato da ya danna barhon tun farko ba abin da zai faru, da yanzu ya sallami mutum biyar, da asirinsa yana nan a rufe yadda yake zato. Ya lissafa wannan a hanyar komawa, bai ji ya yi asara ba, bai kuma ji daɗi ba. Abin da ya ji kamar an sauke masa buhu ne daga ka, wuyan na nan da ciwonsa.

Ya ɗaura dutsen ya ɗaure noti, ya kori kowa gefe, ya ba shi mintinsa. Kafin mintin ya cika ya ɗauko filaya ya shiga ciki, ya kama tsumman da ke ramin ya ja. Kwaltar ta bushe, sai da ya sa ƙarfi ta fito da ɓarin tsatsa. Haske ya shigo ta wurin. Ya mayar da filaya ƙusarta, ya mayar da Likita tata, yana juyowa ya ga almakashi ya leƙo ta ramin, mariƙin a gaba.

Ya karɓa ya fito da shi bakin inji. Uba ya riga ya koma saitin dutse ya sunkuyo, don barhonsa na kan benci.

"Matsa gefe," in ji Hayatu. "Ba naka ba ne tukuna."

Uba ya matsa, ba wanda ya ce an tsallake layi. Hayatu ya kwance almakashin gida biyu, ya saukar da tabarau, ya ɗora bakin na farko a kan dutsen a hankali, tartsatsi ya zuba ƙasa. Mai almakashin ba ta zo ta tsaya a kansa ba. Da ya waiwaya ta ramin ya hango ƙafarta tana taka keke, tayar tana juyawa da sauri, bai ji ƙararsa ba.